Kaɗaicin Mutanen Winesburg

A shekarar 1884 iyayen marubuci Sherwood Anderson suka yada zango a Clyde, wani ɗan garin manoma a jihar Ohio ta Amurka, kuma daga abin da ya gani can yana yaro ya ƙago garin Winesburg, wanda ya wallafa ƙissarsa a 1919. Abin da ya fi ba ni tausayi a ƙissar shi ne, alhali kowa ya san kowa a Winesburg, babu mai aminin da zai buɗe wa cikinsa. Wani tsohon malamin makaranta, wanda aka kora bisa ƙazafi, ya shekara 20 yana ɓoye hannuwansa, ba ya sakewa da kowa face George Willard, matashin ɗan jarida, wanda shi ma daga bisani ya hau jirgin ƙasa ya bar garin.