Yadda Aka Fara Koya wa Na'ura Gane Ɓarawon Intanet

Sana'ar gano masu kutse a kwamfuta ta girmi intanet ɗin da muka sani. A 1980 wani masanin tsaro a Amurka, James Anderson, ya rubuta rahoto yana cewa rajistar da kwamfuta ke ajiyewa game da wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da abin da ya taɓa, za ta iya tona asirin mai mugun nufi idan aka zauna aka tace ta. Daga 1984 Dorothy Denning da Peter Neumann na cibiyar SRI a Kalifoniya suka ɗora a kan wannan tunani, suka gina tsarin IDES, kuma a 1987 Denning ta wallafa maƙalar da har yau ake komawa gare ta. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: a bar na'ura ta auna ɗabi'ar kowane mai amfani da ita, ta san sa'o'in aikinsa da irin umarnin da ya saba bayarwa, sannan ta yi ƙara idan ya kauce. Abin da ake tallatawa yau da sunan na'ura mai koyo da kanta jikan wannan dabara ne. Ra'ayina shi ne, tun daga wancan lokaci ganin baƙon abu bai taɓa zama babban ƙalubalen sana'ar ba. Ƙalubalen shi ne a san wane baƙon abu ne ya cancanci mutum ya bar aikinsa ya bi sawunsa.

Labarin da ya fi shahara a farkon sana'ar ya nuna haka. A 1986 aka ba Clifford Stoll, masanin taurari da ya koma kula da kwamfutoci a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley, aikin gano dalilin giɓin santi 75 na dala a lissafin kuɗin amfani da kwamfuta. Manhajar lissafi ce ta nuna giɓin, amma ba ta san ma'anarsa ba, kuma da wani aka ba aikin da wataƙila ya shafe shi a matsayin kuskure. Stoll ya ƙi. Ya jona na'urorin buga takarda a layukan shiga don su rubuta duk abin da baƙon yake yi, ya bi shi wata da watanni, har sawun ya kai birnin Hannover na Jamus ta Yamma, ga wani Markus Hess wanda ke leƙen kwamfutocin sojan Amurka, ana sayar wa hukumar KGB ta Tarayyar Sobiyet abin da ya samo. Shekara biyu bayan giɓin, a Nuwamban 1988, tsutsar Morris, wata manhaja mai yaɗa kanta, ta kama kwamfutoci kimanin 6,000, abin da ya sa aka kafa cibiyar kai ɗaukin gaggawa kan tsaron kwamfuta ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon. Daga nan kowa ya yarda cewa ba za a dogara ga taurin kan mutum ɗaya ba, dole na'ura ta karɓi gadi.

Ta karɓa, amma ta hanyar da masu bincike ba su fi so ba. Kayan aikin da suka bazu a ƙarshen shekarun 1990, irin su Snort da Martin Roesch ya fitar a 1998, sun fi dogara ga jerin alamomin hare-haren da aka riga aka sani, watau su kama ɓarawon da aka taɓa ganin fuskarsa. Su kuwa masu son na'ura ta gano sabon hari da kanta suka yi ta gwaji a kan bayanan da ɗakin bincike na Lincoln a MIT ya haɗa wa hukumar DARPA a 1998, waɗanda aka yi gasar KDD ta 1999 da su. Sakamako ya yi kyau a takarda. Sai John McHugh ya nuna a 2000 cewa zirga-zirgar da ke cikin bayanan ƙagaggiya ce, ba a tabbatar ta yi kama da ta zahiri ba. Duk da haka aka ci gaba da rubuta maƙalu a kansu shekara da shekaru, domin kamfanoni ba sa son fitar da bayanan abokan hulɗarsu na gaskiya. A daidai wannan lokaci Stefan Axelsson ya kawo hujjar lissafi da ta fi ciwo. A ɗauka, don misali kawai, ana samun motsi miliyan ɗaya a rana, goma daga ciki hari ne, kuma na'urar tana kuskure sau ɗaya cikin ɗari. Za ta yi ƙarar ƙarya kusan sau dubu goma, goman gaskiya su nutse a ciki. Karen da ke haushi ga kowane mai wucewa, dare uku ya isa mutanen gida su daina tashi.

Mai musu zai ce ai na'ura ta yi nasara a wurare makamantan wannan. Gaskiya ne. Tun bayan da Paul Graham ya yaɗa tace saƙonnin banza da lissafin Bayes a 2002, akwatunan imel sun sami sauƙi, kuma bankuna na tare sayayyar bogi da kati ba tare da jiran ma'aikaci ba. Amsar da Robin Sommer da Vern Paxson suka bayar a 2010 ita ce, na'ura ta fi iya gane abin da ya yi kama da wanda aka nuna mata, kuma saƙon banza akwai misalansa rututu. Sabon hari ba shi da misali, ga shi abin da ake kira zirga-zirgar yau da kullum yana canzawa daga sa'a zuwa sa'a. Kuma idan matacin imel ya yi kuskure, sai mai akwati ya duba wata jaka ya ɗauko saƙonsa. Idan mai gadin cibiyar sadarwa ya yi kuskure, ko dai a ɓata yinin ƙwararre, ko a bar ƙofa a buɗe.

Wani zai ƙara da cewa wannan tsohon zance ne, na'urorin yanzu sun fi kaifi. Sun fi, kuma ba wata babbar ma'aikata da za ta iya tace rajistarta da hannu a yau. Amma a 2013, lokacin da aka sace bayanan katunan kuɗi kimanin miliyan 40 daga kantunan Target a Amurka, rahotanni sun nuna cewa manhajar tsaron kamfanin ta yi gargaɗi, ba a ɗauki mataki a kan lokaci ba. A 2020 kuwa masu kutsen kamfanin manhaja na SolarWinds sun gina harinsu ne don ya wuce gwajin ɗabi'a: sun cusa shi cikin sabuntawar manhajar Orion mai ɗauke da sa hannun kamfanin, wadda abokan hulɗa kimanin 18,000 suka sauke, suka sa ya yi shiru kusan mako biyu kafin ya motsa, suka kuma yi wa saƙonninsa kama da na manhajar kanta. Asirin ya fara tonuwa ne a kamfanin tsaro na FireEye, inda tsarin ya nuna an yi rajistar sabuwar waya a asusun wani ma'aikaci, sai wani a sashen tsaro ya tuntuɓe shi ya tambaya ko tasa ce, ya ce a'a. A lokacin gurɓatacciyar sabuntawar ta yi wata da watanni a hukumomin gwamnatin Amurka, ciki har da ma'aikatar baitulmali da ta kasuwanci.