Wutar Laka: Tarihin Wani Bincike da Ya Jira Zamaninsa

A shekarar 1800 ne Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya jera faya-fayan tutiya da na jan ƙarfe, ya raba tsakaninsu da ƙyalle jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, ya sami lantarki mai gudana ba yankewa. Asirin abin kuwa musaya ce. Wani sinadari yana sakin ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektaron, wani yana karɓa. Irin musayar nan ce ke sa fartanya ta yi tsatsa, ita ce kuma ke juya abinci ya zama ƙarfi a jikin mai rai. Abin da batir yake yi shi ne ya raba mai bayarwa da mai karɓa, ya tilasta wa ƙwayoyin nan su bi ta waya.

To, tun da abin yana faruwa a jikin mai rai, ashe ana iya tatsar lantarki daga gare shi? Wanda ya jarraba shi ne M. C. Potter, shehun malamin ilmin tsirrai a Jami'ar Durham ta Ingila. A 1911 ya nuna cewa yis da bakteriya, sa'ad da suke cin abincinsu, suna ba da lantarki. Amma wutar ba ta taka kara ta karya ba, don haka aka yi ko oho da shi. A 1931 Barnett Cohen a Amurka ya harhaɗa irin waɗannan tukwane da yawa har ya sami bolt 35, duk da haka ba a ga abin da za a yi da ita ba. Ba za a zargi mutanen wancan zamani ba, gama na'urorinsu masu haɗamar wuta ne ƙwarai.

Abin da ya sauya al'amarin ba daga wajen bakteriya ya zo ba. Bayan ƙirƙiro taransista a 1947, na'urori suka yi ta ƙanƙancewa, cinsu na wuta yana raguwa, har ɗigon da aka raina ya zama abin ƙoshi.

A 1987 Derek Lovley ya gano wata bakteriya, Geobacter, a lakar Kogin Potomac, wadda ke miƙa ilektaron ɗinta ga tsatsar ƙarfe maimakon iskar oksijin. Mai iya miƙa wa tsatsa kuwa, yana iya miƙa wa sandar garafait, wato baƙin cikin fensir. A 2008 Leonard Tender da abokan aikinsa na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka suka ba da rahoton gwajinsu a wannan kogi: sanda ɗaya binne cikin laka inda babu oksijin, ɗaya a cikin ruwan da ke bisa lakar. Wutar da suka samu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wat guda ba, amma ta ishi wata na'ura da ke bisa ruwa ta auna zafin iska da laimarta da zafin ruwa, ta aika da sakamakon ta rediyo, ba tare da wani ya shiga kwalekwale ya je sauya mata batir ba.