Gaya (sunan iyali)

Gaya suna ne da mutane da dama suke ɗauka a ƙarshen sunayensu, kuma asalinsa sunan gari ne, wato Gaya da ke gabashin Jihar Kano, maƙwabciyar Ajingi. Garin tsoho ne ƙwarai. Tarihin Kano ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran farko da suka zauna a gindin Dutsen Dala, daga Gaya kakansu ya taso yana neman tama, kuma sunansa Kano.

A da, Bahaushe da sunan yanka da na mahaifi ake saninsa, sai laƙabi ko sana'a. Da makarantun boko suka zo a zamanin Turawa, aka cika aji da masu suna Muhammadu da Abdullahi, sai malamai suka riƙa liƙa wa kowane yaro sunan garinsu a rajista. Haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. A Ingila ma irin wannan ta faru bayan shekarar 1066, inda sunayen garuruwa kamar York suka zama na gado. Amma a ƙasar Hausa sunan bai cika nuna jini ɗaya ba. Mutum biyu za su amsa Gaya alhali gari kawai suka haɗa.

Cikin sanannun masu sunan akwai Alhaji Sule Gaya, minista a gwamnatin Sardauna, da Kabiru Ibrahim Gaya, gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, wanda ya wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023.