TARIHIN INJIN FORD MAI SHAFAFFEN KAI DA ƊAN BUSH ƊIN DA KE KASHE SHI

 Yau mun ɗan ajiye maganar waya, za mu leƙa gareji. Ka san ni gyaran waya ne sana'ata a nan Jibia, to amma kusa da shagona akwai wani dattijon bakanike da ke zama wurina idan ya kawo caji. Rannan ya same ni ina canza wa wata waya gidan caji, ya ce wannan ɗan abin ne ya hana babbar waya aiki? Na ce shi ne, Baba. Ya yi dariya, ya ce lokacin yana yaron gareji akwai tsofaffin motocin Ford da wani ɗan bututu, bai kai ɗan yatsa ba, yake kwantar da su. Daga nan na shiga bin tarihin abin, ga shi na kawo maka.

Mu fara daga tushe. Motocin farko da yawa ba su da famfon fetur ko kaɗan. Ford Model T, wadda aka ƙera daga 1908 zuwa 1927, tankinta yana sama da kafireta, mai yana gangarowa da kansa, kamar yadda ruwa ke saukowa daga tankin saman gida. Shi ya sa idan mai ya yi ƙasa kuma aka zo hawa mai tsauri, direba kan juya motar ya hau da baya. Model A da ta biyo ta ma haka take shan mai.

A 1932 Henry Ford ya fito da injin V8 mai silinda takwas, ƙarfin doki 65, a farashin da mai matsakaicin hali zai iya saye. Turawa suna kiransa Flathead, wato mai shafaffen kai, saboda bawul-bawul ɗinsa suna cikin gangar injin a gefen fistin, kan injin kuwa faifan ƙarfe ne kawai mai ramin fulogi da hanyar ruwa. A wannan motar aka mayar da tanki baya, to dole a samu abin da zai jawo fetur zuwa gaba. Nan famfo ya shigo.

Ga yadda yake aiki, ka bi ni a hankali. Famfon yana zaune a saman injin ta baya. Can ƙasa kuma akwai kamshaf, sandar da ke buɗe bawul. A jikinta akwai wani ɗan tudu, duk juyi ɗaya sai ya tura wata siririyar sandar ƙarfe sama. Sandar ta daki hannun famfo, fatar cikin famfon ta motsa, ta zuƙo mai ta tura wa kafireta. Duk hawa da saukar sandar nan kusan milimita 5 ne kacal. Ita kuma tana zirga-zirga ne a cikin wani ɗan bututu da aka dasa a gangar injin, shi ne bush ɗin da Baba yake magana.

To ina matsalar take? Wuri biyu ne. Na farko, bakin sandar yana cinyewa. Tunda tafiyar tata ƙarama ce, ko kaɗan ta rage tsawo famfo ba zai cika aikinsa ba. Mota za ta tashi lafiya a tsaye, amma da an ɗora kaya an kama hawa sai ta fara shaƙewa. Direbobin da can suna da dabara: su yanko ɗan guntun fata su cusa tsakanin sandar da hannun famfo, ko bakanike ya ɗiga mata walda ya goge. Baba ya ce sun sha yanka bel ɗin wando a hanya.

Na biyu shi ne mai haɗarin. Bush ɗin yana daidai inda hanyar baƙin mai ta ratsa, daga nan sandar ke samun maiƙo. Idan ya cinye ya yi faɗi, baƙin mai sai ya riƙa tserewa ta nan ya koma ƙasa, ƙarfin turinsa ya ragu, metal ɗin kirankshaf su rasa rabonsu. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba ɗigo a ƙasa. Mutum zai kashe kuɗi ya sa sabon fistin da ringi da metal, ya haɗa inji, ya ga allurar baƙin mai tana kwance, ya rasa dalili. Ka gane ko? Abin da ya fi komai araha shi aka tsallake.

Wannan inji ya zaga duniya sosai. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ne a cikin manyan motocin soja da Ford ta ƙera a Kanada domin rundunar Ingila. Kakanninmu da aka ɗauka soja, har aka kai wasu Bama, da yawa a can suka koyi tuƙi da kanikanci, suka dawo gida da sana'ar. Lokacin ne kuma zamanin gyaɗa, manyan motoci suna kwaso ta daga ɓangaren Maraɗi, su bi ta nan Jibia zuwa Katsina, su sauke a Kano inda jirgin ƙasa yake. A irin wannan hanya, ba kayan gyara kusa, dabarar bakanike ita ce komai.

Me ya kashe shi? Zafi da ƙarancin numfashi. Hayaƙinsa yana ratsa cikin gangar injin kafin ya fita, shi ya sa yake saurin tafasa ruwa, iska kuma ba ta shiga silinda kai tsaye. A 1949 Cadillac da Oldsmobile suka fito da V8 mai bawul a sama, Ford ita ma ta daina sa shi a motocinta na Amurka bayan 1953. Faransa ta ci gaba da shi a motocin Simca da manyan motocin sojanta shekaru masu yawa bayan haka.

Kada ka ɗauka labarin ya wuce mu. Je ka fadama ko gonakin da ke kusa da madatsar ruwa ta Jibia, ka duba injin ban ruwa Robin EY20, shi ma mai shafaffen kai ne, tankinsa a sama kamar Model T, ba famfon fetur. Tsofaffin Peugeot 504, waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975, su kuma bawul ɗinsu a sama yake, amma kamshaf ne ke motsa famfonsu. Har yau za ka ga direba ya jiƙa tsumma ya ɗora kan famfo idan zafin rana ya sa fetur ya zama tururi.

Idan irin wannan tsohon inji ya shigo hannunka, ga abin da masu sake gina shi suke yi. Suna canza bush ɗin tun inji yana warware, kamshaf a waje, domin daga baya sai an sake kwance aiki. Suna zura sandar su girgiza ta, in tana rawa gefe da gefe ya tafi. Suna auna tsawonta, saboda ya bambanta daga shekara zuwa shekara. Idan kuma za a koma famfon lantarki, ba a zare sandar a bar ramin a buɗe, ko a bar ta a ciki ko a toshe shi.

Kai da ke bin hanyar Jibia zuwa Katsina ka san abin da ake nufi da mota ta mutu maka a daji da yamma a wannan zamani. Don haka idan bakanikenka ya ce a canza wani ɗan abu tunda an riga an buɗe inji, kada ka ce masa a lallaɓa. Ni ma abin da nake gaya wa masu kawo min waya ke nan.

Idan akwai wanda mahaifinsa ko kakansa ya tuƙa irin waɗannan motoci, ya tambaye shi labarin guntun fatar nan. Baba kuwa ya ce in gaishe ku, wayarsa ta cika.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, amin.