Jørgen Moe da Matsalar Rubuta Adabin Baka a Ƙasar Norwe

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala za mu dubi rayuwar Jørgen Moe, malamin addinin Kirista kuma mai tattara tatsuniyoyi, domin mu ga yadda ya tunkari wata matsala da ke damun duk mai nazarin adabin baka, wato da wane harshe za a rubuta abin da aka ji daga bakin talaka.

2.0 Tarihinsa

An haifi Moe a shekarar 1813 a gundumar Hole, cikin yankin Ringerike, kuma ɗan manomi ne. Shekara guda bayan haihuwarsa Norwe ta rabu da Danmak, bayan kimanin shekaru 400 tana ƙarƙashinta. Sai dai kuma harshen Danmak bai gushe ba, da shi ake rubutu, da shi ake wa'azi a coci. Tun yana ɗalibi a Norderhov ya ƙulla abota da Peter Christen Asbjørnsen. Ya kammala karatun addini a 1839, ya yi koyarwa, sa'an nan a 1853 ya karɓi aikin limanci a Krødsherad. Daga nan ya koma Drammen a 1863, aka naɗa shi bishof na Kristiansand a 1875, ya rasu can a 1882.

3.0 Ayyukansa

A 1840 Moe ya buga tarin waƙoƙin gargajiya cikin karin harshen ƙauye. Daga 1841 zuwa 1844 shi da Asbjørnsen suka fitar da Norske Folkeeventyr, wato tatsuniyoyin mutanen Norwe, bisa koyi da aikin 'yan'uwan nan biyu, su Grimm na Jamus. Hanyoyi biyu ne a gabansu. In sun bi daidaitaccen harshen Danmak, armashin tatsuniya ya tafi. In kuwa sun rubuta karin ƙauye tsantsa, masu karatu na birni ba za su fahimta ba. Saboda haka suka riƙe ƙa'idar rubutun Danmak, amma suka zuba kalmomi da karin magana da gajerun jimloli irin na mai ba da labari da baka. Wasu masu ilmi na lokacin sun ga abin tamkar zubar da mutuncin rubutu ne, amma wannan salo yana cikin abubuwan da suka share fagen rubutaccen harshen Norwe na yau.

Duk da haka, kada mu ɗauka abin da ke cikin littafin shi ne abin da ya fito daga baki kalma da kalma. Sukan haɗa ruwayoyi da yawa su fitar da guda, sukan kuma tace lafazin da suke ganin bai dace ba. Alal misali, sunan shahararren tauraron nan Askeladden, ƙaramin ɗa mai zaman bakin murhu, sassautawa ce ta wani suna mai ɗan gatsali da manoma suke kiransa da shi. A bugu na biyu na 1852 Moe ya rubuta doguwar gabatarwa, inda ya kwatanta tatsuniyoyin da na sauran al'ummu.

4.0 Kammalawa

Bayan ya shiga limanci Moe ya fi karkata ga waƙoƙin addini, ya bar wa Asbjørnsen ragamar tattarawa. Ɗansa Moltke Moe ne ya gaji aikin, har ya zama farfesa a jami'ar Kristiania, wato Oslo ta yanzu. Abin lura a gare mu shi ne, mai tattarawa yana da hannu a cikin abin da ya tattara. Don haka wajibi ne mu riƙa bambanta muryar mai ba da labari da alƙalamin wanda ya rubuta shi.