Wutar Ista a Rubuce-rubucen Musulmi na Da

Wutar Ista ita ce wutar da Kiristocin Gabas suke cewa tana saukowa daga sama a cocin Kabarin Almasihu da ke Kudus, ranar Asabar ta jajiberin Ista. Maziyarta kan taru dominta daga ƙasashe masu nisa.

Al-Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya ambace ta. Al-Biruni kuwa ya ruwaito cewa har gwamnan birnin da liman da ladan sukan halarta, abin da ke nuna Musulmin garin ba baƙi ba ne a bikin. Wasu marubutan sun ɗauke ta dabara ce kawai: Ibn al-Ƙalanisi ya ce waya ake shafa wa man balsam, kuma jin wannan ne ya sa halifan Faɗimiyya al-Hakim ya rushe cocin a 1009.