Tarihin Joka: Mugun da Ya Shekara 52 Yana Jiran Muryarsa

A shekarar 1940 ne wani kamfanin buga labarai masu zane a birnin New York na Amurka, wanda a yau aka sani da DC, ya fito da mujallar Batman ta farko. A cikinta ne masu karatu suka soma cin karo da wani mugu mai farar fuska kamar an shafa masa alli, ga koren gashi, ga jan baki a yage kullum cikin murmushi. Sunansa Joka, wato sunan katin nan na karta mai hoton wawan sarki. Mutum uku ake danganta ƙirƙiro shi da su, Bill Finger da Bob Kane da Jerry Robinson, kodayake har yau ana taƙaddama a kan rabon kowannensu. Ita kuwa fuskar, an aro ta ne daga kamannin wani ɗan wasa Bajamushe, Conrad Veidt, a wani fim na 1928.

To, amma takarda ba ta magana. Mai zane yana iya cika shafi da dariya, sai dai mai karatu ne zai sa mata sauti a ransa. Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne halin Joka bai tsaya wuri ɗaya ba. Da farko makashi ne, yana kashe mutane da wata guba mai barin gawa tana murmushi. A 1954, bayan iyaye da 'yan majalisa sun yi ca a kan irin waɗannan mujallu, masu bugawa suka kafa wa kansu hukumar tacewa, sai Joka ya koma ɗan tsokana wanda ba ya zubar da jini. Wannan wawan ne Cesar Romero ya fito da shi a talabijin daga 1966, har ma ya ƙi aske gashin bakinsa, aka dinga shafe shi da farin kwalli. A 1973 marubuci Dennis O'Neil da mai zane Neal Adams suka mayar da shi makashinsa na asali. Saboda haka aka wayi gari da Joka biyu, wawa da makashi, kuma duk wanda zai fito a matsayinsa sai ya rinjaya ga ɗaya.

A watan Satumba na 1992 aka fara nuna katun na Batman a talabijin, ƙarƙashin Bruce Timm da Eric Radomski. Matar da ke kula da muryoyi, Andrea Romano, takan tara 'yan wasan a ɗaki guda su karanta tare, tamkar wasan kwaikwayon rediyo, sannan daga baya masu zane su bi muryar su zana motsin. Tim Curry aka fara ba Joka, har ya ɗauki wasu sassa, daga bisani aka canza shi. Wanda ya maye gurbinsa shi ne Mark Hamill, wanda duniya ta sani tun 1977 a matsayin Luke Skywalker, saurayin kirki na fim ɗin Star Wars. Shi kansa bai zaci za a ba mai irin wannan suna matsayin mugu ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ya yi shekaru yana wasa a dandali, inda ya fito a matsayin Mozart a wasan Amadeus, kuma a can ne ya yi ta gwada dariya iri-iri dare bayan dare.

Me ya yi da ya bambanta? Hamill ya ƙi zaɓar ɗaya daga cikin Joka biyun nan, ya haɗa su a maƙogwaro ɗaya. A cikin jimla guda zai fara da siririyar murya ta mai ba da nishaɗi a wurin biki, kafin ya kai ƙarshenta ya sauko da ita ƙasa ta zama gurnani. Dariyar ma ba ɗaya ba ce. Akwai ta jin daɗi, akwai ta raini, akwai ta fushi, akwai wadda yake yi idan dabara ta ƙare masa. Ya sha bayyana cewa ya ɗauki dariyar a matsayin kayan kiɗa, wadda ya kamata ta nuna yanayin da Joka yake ciki. Sauran 'yan wasa a zaune suke karatu, shi kuwa a tsaye, yana wurgi da hannuwa. Da yake shiri ne na yara, ba a yarda a nuna jini ba, don haka duk tsoron da hoto bai isa ya nuna ba murya ce ta ɗauke shi.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kevin Conroy, mai muryar Batman, yana magana ne a ƙasa-ƙasa, a taƙaice, ba ya ɗaga sauti, kuma a gefen wannan nutsuwa ce haukan Joka ya fito fili. Tare suka yi fim ɗin 1993, da wasannin kwamfuta na Arkham a 2009 da 2011 da 2015, kuma na 2011 ya jawo wa Hamill lambar yabo ta BAFTA a Ingila. Gaskiya ne Heath Ledger da Joaquin Phoenix sun ci lambar Oscar da fitowa a matsayin Joka a fina-finan 2008 da 2019, amma kowannensu nasa Joka ya ƙirƙiro. Na Hamill shi ne wanda masu karatu da dama suka ce suna ji a kunnensu idan sun buɗe mujallar. Conroy ya rasu a watan Nuwamba na 2022, kuma a 2023 Hamill ya nuna cewa ba ya jin zai sake komawa ga Joka tunda babu abokin karawarsa.

'Yan'uwa marubuta, wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya saurari tatsuniya ya san tsohuwa ba ta bukatar ta ce Gizo ne ke magana, tsamin bakinsa ya isa, kuma a cikinsa ake jin wayonsa da wautarsa a lokaci guda. Amma duba littattafanmu da yawa. Muguwar kishiya da boka da azzalumin attajiri duk da bakin marubucin suke magana, sai an rubuta "ta ce cikin mugunta" kafin a gane mugunta ake nufi. Ga gwaji mai sauƙi, musamman ga masu tasowa. Ka rufe sunayen masu magana a babin da ka rubuta, ka karanta wa wani a bayyane. Idan bai iya tantance mugun daga kalmominsa da tsawon jimlolinsa da abin da ke ba shi dariya ba, to da sauran aiki a gabanka, sai ka koma ka saurare shi da kyau kafin ka kai littafin maɗaba'a.